Ni ke gyara haƙoran da ake yabon Babana a kansu

Assalamu alaikum masu shafi da masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana. Wanda zai yi min wa'azi kuma ya daure ya kai ƙarshe tukuna, don ba kuka na zo yi ba, shawara nake nema.

Mu Hausawan wani ƙauye ne kusa da Rufa'a, amma sana'armu a Hasahisa take. Babana yana da ma'amal, wato ɗakin da ake haɗa haƙoran sakawa da ƙarfen da ke riƙe su a baki. Tun kafin a haife ni yake wannan aiki, shi ya koya min. Da yayana ya aiko mana da injin zuba titaniyom daga Jidda, Baba ya yi murna, don ƙarfe ne marar nauyi kuma baki ba ya ƙin sa. Sai dai yana da wuyar sha'ani. In ya fito daga zubi, bayansa yakan yi ɓawo mai tauri da ƙananan ramuka. Dole a feshe shi da yashi, a kankare a hankali kada ya ɗau zafi, a bi da roba, a goge har ya yi sumul. In aka bar kaushi ko kaɗan, abinci zai maƙale, dasashi ya kumbura.

To, ciwon suga ya rage wa Baba gani, ya kashe masa kan yatsu, shi kuma bai yarda ba. Zai shafa ƙarfe ya ce, "Kwayyis, ya yi kyau kamar madubi," ni kuwa daga inda nake zaune ina hango kaushin. Da farko na yi shiru. Da wane baki zan ce wa wanda ya koya min riƙe kayan aiki wai aikinsa bai yi ba? Sai ranar da aka dawo da Inna Hajjo, wata tsohuwa daga ƙauyenmu da muka yi wa haƙora, bakinta duk gyambo, ta bar cin kisra, gurasarmu ta dawa, sai kunu. Ta kama hannuna ta ce, "Ɗiyata, ku yi haƙuri, bakina ne bai saba da kayan birni ba." Ita aka cuta, ita ke ba da haƙuri. Ku da kuke karantawa, da za ku iya ci gaba da shiru?

Daga ranar, in Baba ya tafi sallar azahar ya zauna shan jabana, wato gahawa, da abokansa, sai in ɗauko duk abin da ya ce ya gama, in sake goge shi, in mayar inda ya ajiye. Shekaru ke nan ina haka. Ba wanda ya ƙara dawowa da ciwon baki. Likitoci suna ta cewa hannun Alhaji sai ƙara kyau yake da tsufa. Rana ɗaya ya dawo da wuri, ya dafa injin goga ya ji da ɗumi. Ya ce, "Kin taɓa aikina?" Na dubi idonsa na ce, "Wallahi ban taɓa ba, Baba." Wannan rantsuwar ita ce kunyata, ita kaɗai. Zan yi kaffararta. Amma gyaran da na yi, ko yau aka mayar da ni baya sai na sake.

Ga inda abin ya cakuɗe. Wani likita da ke koyarwa a Madani, wanda ke turo mana aiki, ya gayyaci Baba ya je ya nuna wa ɗalibansa yadda yake fitar da wannan santsi, da hannunsa, a gabansu. Baba ya amsa. Ya ɗinka sabuwar jallabiya, ya gaya wa duk ƙauye. Na kira yayana na faɗa masa gaskiya, sai ya hau ni da faɗa. Ya ce, "Kin mayar da tsoho abin wasa, ya'ani ke kin fi shi ke nan?" Na ce, "Yaya, kai inji ka aiko. Ni ce ke leƙa bakin mutane." Ya kashe waya. Har yanzu bai kira ba, ni ma ban kira ba.

Na san wasu za su ce na ci amanar mahaifina. Amanar Inna Hajjo fa, wa zai riƙe ta? Da na gaya masa tun farko, da ya rufe ma'amal ya koma gida ya kwanta, na san halinsa. Kujerar aikin nan ce ke tashe shi da safe.

Jiya yana shirya kayansa a jaka, ya ce min, "Ranar Alhamis tare za mu tafi. Ki tsaya kusa da ni ki riƙa miƙo min kaya, su ga ɗiyar da na koya wa." Yana faɗa yana murmushi.

In na gaya masa, na karya shi da hannuna a cikin gida. In na bar shi ya je, ɗaliban za su ga kaushin da shi ba ya gani, ya ji a bakin baƙi. Goga dai ba zan daina ba, kada ma wani ya ba ni wannan shawarar. Amma kafin Alhamis, jama'a, me zan yi?