Ƙaramin Ɗaki a Kwamfutar Baban Ramla

Litinin, 6 ga Mayu, 2024
An fara kwas ɗin da ofis ya tura mu. Malama Safara'u ce ke koyarwa, doguwa, ba ta da wasa. Ta ce kowa ya goge Windows ya zuba Linux, da ita za a yi aikin duka. Ni kwamfuta ɗaya gare ni, ta maigidana Baban Ramla, wadda ta faɗo a rabona ranar rabon gado. Wata bakwai da rasuwarsa, ko fayil ɗaya ban matsar ba. A goge? Allah ya kiyaye.

Laraba, 8 ga Mayu
Na buɗe ta ina ta kallo. Mutumin nan bai taɓa sanin folda ba. Komai a fuskar allo yake zubewa kamar shanya: "takarda", "takarda sabuwa", "ta ƙarshe", "ta ƙarshe wallahi". A bayansu hotona ne a gindin hasumiyar Gobarau, baki buɗe, ina masa faɗa kar ya ɗauka. Shekara nawa na yi ina cewa ya canza shi. Ina kewarsa, har da shirmensa.

Alhamis, 9 ga Mayu
Bayan aji na faɗa wa Malama gaskiya. Ta ce, "Allah shi jiƙan shi. Ba sai kin goge ba." Wai akwai manhajar da ke gina kwamfutar ƙarya a cikin ta gaske, can za a zuba Linux. Kamar a yanki ɗaki a tsakar gida, in ji ta, gidan yana nan yadda yake.

Asabar, 11 ga Mayu
Data ta ƙare sau biyu, an ɗauke wuta sau uku. Na dai sauke manhajar. Wuri kaɗan na yankar wa ɗakin, kar in takura masa. Wa zan takura wa? Oho.

Lahadi, 12 ga Mayu
Ana tsakiyar zubawa sai rubutu ya fito: za a goge duk abin da ke kan faifai, a ci gaba? Ban danna komai ba. Na rufe ta, na kulle ta a durowa, kamar wani zai shigo ya danna.

Talata, 14 ga Mayu
Ban je aji ba. Na ce ciwon kai. Wanda ya yi fashi uku ana cire shi, na sani.

Alhamis, 16 ga Mayu
Bayan la'asar sai ga sallama. Malama Safara'u, har Ƙofar 'Yandaka, a wannan zafin! Mun gaisa, ta sha ruwa, ta sake yi mini gaisuwar rashi, sannan ta ce, "Hajiya Delu, mi ya hana ki zuwa?"

Na ɗauko na nuna mata. Ta fara dariya, da ta ga fuskata ta haɗiye. Faifan da ake nufi na ƙaramin ɗakin ne, wanda babu komai a ciki. "Ita wannan ba ta ma san akwai gida a waje ba."

Ban yarda ba. Sai ta kwafe fayilolinsa duka a filashi, ta damƙa mini a tafin hannu. "Riƙe." Na ce to ta danna. Ta ƙi, wai ni zan danna. Na yi bisimilla na danna, idona a rufe.

Da aka gama na ja tagar gefe. Ga ni nan baki buɗe, ga "ta ƙarshe wallahi". Na yi kuka sosai, ban ji kunya ba. Ta ce ita ma lambar mahaifiyarta na nan a wayarta, shekara shida ke nan da rasuwarta.

Wurin sunan mai kwamfuta, hannuna ya fara rubuta sunansa, Nu'uman. Ta ce, "Ɗakinki ne fa." Na goge na sa Delu.

Juma'a, 24 ga Mayu
Allon fes, ba komai a kai. Na yi folda huɗu, kowace da sunanta. Da yana nan da ya ce na fara mulkin mallaka.

Laraba, 5 ga Yuni
Linux ɗin nauyi take yi, kafin abu ya buɗe na dama kunu. Laifina ne, na matse ɗakin. Malama ta ce ana iya juyawa: Linux ta karɓi gidan, tasa kuma a ɗauke ta yadda take, a sa ta a ƙaramin ɗakin, in buɗe duk sanda na so. Na ce a'a tun ba ta rufe baki ba.

Asabar, 8 ga Yuni
Tun safe nake aikin aji, na buɗe tagata ta cika allo. Sai da aka kira la'asar na tuna yau ban leƙa wajensa ba. Na leƙa. Komai na nan, ba wanda ya yi fushi.

Na tura wa Malama saƙo: in an mayar da shi ƙaramin ɗakin, hoton zai bi shi?

Tambaya kawai na yi.