Robar masara a tiyon turbo

Baban Precious,

Mun tafi rigakafi a keke napep, ban so in tashe ka ba.

Jiya da muke dawowa daga Digil, na zo wuce tirelar shanu, na ba motar wuta, sai ta tsaya tunani tana huci, fuuu! Precious tana baya tana dariya, ni kuwa sunan Yesu kawai nake kira. Da ƙyar muka wuce.

Na biya wurin Nathaniel bakanike. Ya duba fulogi da filtar iska, duk lafiya. Da ya kai hannu kan tiyon turbo, mai kai wa inji iska, ashe a tsage yake, an naɗe shi da irin robar da kake ɗaure buhun masara a mashin. Ta nan iska take gudu. Ya ce wane injiniya ne ya yi wannan aiki? Na rufa maka asiri, na ce ban san shi ba.

Zai kawo sabon tiyo da rana. Ka ba shi kujera, amma don Allah banda shawara. Makulli yana jakata. Ba za a sake sa mini 'ya a motar nan ba sai na gwada ta da ƙafata.

Miriyamu