Falalen Bayan Gari

Daren Laraba, watan Safar

Ƙafafuna ciwo suke, amma raina fes.

Jiya ɗana Habibu da ke aikin gini a ƙasar Montenegro ta Turai ya turo mini bidiyon wani ƙauye can saman duwatsu. Bai kai unguwarmu ba, tsofaffi kawai suka rage. Amma tsohuwar masussukarsu ta dutse tana nan a share. Wai nan kakanninsu ke taruwa yin shawara, har baƙi ake kaiwa su gani.

Yau sai ga masu fasa dutse daga Sandamu, Idi, ƙanin maigidana, zai ba su falalen dutsenmu, inda muke sussuka tun ina amarya. Na yafa mayafi na bi su. Ban yi faɗa ba. Na nuna masa bidiyon, sannan na nuna masa wani gurbi a dutsen.

"Malam Idi, taɓaryar mahaifiyarku ce ta ci nan. Da geron da ta sussuka a nan kuka girma."

Ya tsuguna, ya daɗe yana shafa wurin. Can ya miƙe ya ba mutanen haƙuri.

Gobe da tsintsiya zan je. In na share, a ɗauki bidiyonsa a tura wa Habibu, su ma su ga namu.