Ga Labarin da Ka Nema

Daga goggonka Malama Hauwa a Dutse, zuwa ga Sule, masinjan Nasara a Lakwaja.

Bayan sallama, yaya jikinka, yaya iyali, yaya hidimar iyayen gidanka?

Duk sa'ad da na aiko maka cewa lafiya lau muke, sai ka amsa wai garinmu ba ya haihuwar labari, yau kamar jiya. To, ga labari.

Dabino ya yi fure, babu mai hawa ya ɗaura wa macen dabinon furen namiji, aikin da ka ce ya gundure ka. Mahaifinka ya hau da tsufansa, ya faɗo. Yana da rai, amma ƙafafunsa sun mutu. Jiya ya ce mini, “Yaya, da ma in sake share gindin dabinon nan.”

Kada ka taso. Ni nake juya shi, ni nake ba shi kunu, ban kuwa gaza ba.

Ka gaida matarka. Idan har yanzu kana salla, ka roƙi Allah Ya maido mana ranakun da ka raina, waɗanda ba su da abin faɗa.

Wassalam.