Na Cire Batirin Rediyon Inna

Zuwa ga ƙanwata Asma'u,

Assalamu alaikum. Gaisuwa daga Ƙofar Kware, tare da fatan wannan takarda za ta same ki a raye. Ban taɓa zaton zan rubuta miki irin wannan fata ba.

Yau kwana uku ke nan da ƙasa ta girgiza a lardin da kike aiki. Kwana uku wayarki a kashe.

Kin ce mana a ofis kike. Jiya na nemo rubutunki na jami'a na karanta, da hotunansa. Ashe ofishin naki tsagar dutse ce! Ga ki can cikin rami da hular kwano, kin kafa na'ura kina auna kaushin fuskar dutsen da ƙasa ta tsage a kansa.

Na gane bayanin, kada ki ɗauka yayarki jahila ce. Inda fuskoki biyu na tsagar suka yi santsi, sukan zame a hankali. Inda suka yi kaushi, sai su cije da juna, ƙarfi ya yi ta taruwa shekara da shekaru, ranar da suka kuɓuce gari ya rushe. Kin san wannan, da hannunki kika rubuta, kuma kika kama haya a bakin tsaga mai kaushin. Wane irin ilimi ne wannan?

Na tuna kina ƙarama, ranar da aka ƙwanƙwashe dutsen niƙan Inna da guduma don ya ƙara ci. Kika yi ta shafa shi har tafinki ya goge. Inna ta ce, "Mi kika nema ga dutsin ga, ɗiyata?" Muka yi dariya.

Inna ba ta sani ba. Na cire batirin rediyonta na ce ya mutu. Ni da ban taɓa yi mata ƙarya ba, kin sa na yi sau uku. Ɗazu ta aiki maƙwabciya ta sayo sabon batir, gobe bayan asuba za ta kunna labaran duniya.

Asma'u, 'yar uwata, ba zan yi faɗa ba. To, zan yi, amma daga baya. Ki ari wayar kowa, ki ce "ni ce" kawai.

Allah Ya tsare ki a duk inda kike, Ya ɗaga miki abin da ya danne ki, Ya kawo muryarki gidan nan kafin ta mai karanta labarai. Amin.

Yayarki,
Luba