Maigadi a Ƙofar Ɗansa

Zuwa ga 'yata Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da jikokina. Haƙoran ƙaramar sun fito kuwa? Ni jiki da sauƙi, zuciya ce ba lafiya.

Kada ki yi mamakin ganin takarda maimakon kira. Katin waya yana cikin abubuwan da yayanki ya soke. Kin san tunda fanshona ya daina kai ƙarshen wata, shi ke cika mini. To, ranar Asabar ya zo da sabon ilimi, wai ba ƙarancin samu ke talauta mutum ba, yawan kashewa ne. Ya zagaye gidan kamar mai karɓar haraji: ƙwan fitilar baranda, jarida, sabulu mai ƙamshi, duk a daina. Na ce to.

Sai ya kai ga shayi. Tun rasuwar mahaifiyarku mutum uku ke ɗebe mini kewa a baranda da yamma: Direba, Dogo mai gyaran agogo, da Tela. Buta ɗaya, burodi ɗaya, sai musun da ba ya ƙarewa. A gabansu, Auta, a gabansu ya ɗaga gwangwanin madara ya girgiza, ya ce shi nauyin mutum ɗaya ya ɗauka, ba na unguwa ba. Kofi na bakin Tela a lokacin. Ya sauke a hankali, ya laluba takalmansa, ya yi mini sallama. Sauran suka bi bayansa, kuma har yau ba wanda ya sake takowa.

Ga abin da yayanki bai sani ba, ke ma ki riƙe a cikinki. Tunda idon Tela ya yi rauni ya bar ɗinki, sau da yawa burodin nan ne abincinsa na yini. Na aika masa a leda, ya dawo mini da shi.

Ban yi wa yayanki baki ba, kwantar da hankalinki. Amma wallahi sai ya ji a jikinsa. Shi ya ce a rage kashewa, ni kuma na ce a ƙara samu. Za mu ga wanne ya fi zafi.

Ki shafa mini kan yaran.

Mahaifinki,
Baba

Zuwa ga Autata,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku baki ɗaya. Yaya aikin maigidanki? Saƙonki ya iso, na ji roƙon da kike yi wa yayanki. Ashe har ya kai ƙarata wurinki! To, saurari nawa.

E, gaskiya ne, na kama aikin gadi, kuma a kamfanin da yake akanta. Wani kamfani daban ke kawo musu masu gadi, saboda haka bai san komai ba sai da ya danna hon. Na buɗe ƙofa cikin kaki da hula, na ƙame, na sara masa, na ce ransa ya daɗe yadda har mai shara a hawa na biyu ta leƙo. Auta, da kin ga fuskarsa! Motar ma mutuwa ta yi a hannunsa.

Ba na zaginsa ko kaɗan, yabonsa nake. Duk wanda ya tsaya, daga masinja har manaja, sai na nuna masa motar, na ce ta ɗan farina ce, yaron kirki, shi ke koya mini tattali. Yanzu matan ofis aiko mini da abinci suke, shi kuwa kallo suke binsa da shi. Ya koma ajiye mota a bayan gini, sai na roƙi a riƙa ba ni ƙofar baya.

Ya zo gida da katan na madara, wai zai ninka abin da yake ba ni in na ajiye kakin. Na ce ya tattara kayansa, madarar da ke ɗakina da gumina na saye ta. Sharaɗina ɗaya ne: ya bi mutanen nan uku gida gida, ya durƙusa ya ba su haƙuri, ya gayyato su da bakinsa. Na je wa Tela da kaina ran da na karɓi albashin fari, ya ce ba zai shiga gidana ba sai wanda ya kore shi ya kira shi, kuma ban ga laifinsa ba. Yayanki kuwa cewa ya yi ai gaskiya ya faɗa, ina abin durƙuso a ciki.

Ba zan ɓoye miki ba, tsayuwar tana cin ƙafa, kuma ba na tashi daga aiki sai rana ta faɗi, ina isa gida sai barci. Amma duk safiyar da na sara masa ya sunkuyar da kai, sai in ji ciwon ya tafi.

Allah ya yi muku albarka.

Mahaifinki,
Baba Maigadi

Zuwa ga 'yata,

Ina gaishe ku, ina fatan kowa lafiya. Wannan karon ba ni da doguwar gaisuwa. Tela ya rasu ranar Alhamis.

Yayanki ya sauko daga ƙarshe, da kunyar ofis ta ishe shi. Ya je wa Direba, ya je wa Dogo, duka sun yafe masa. Zuwa wurin Tela kuwa ya bar shi sai ƙarshen mako, wai lungunsu mota ba ta shiga.

Ina bakin ƙofa Dogo ya zo da labarin. Yayanki ya sauko da mukulli zai kai ni. Na nemi izini wurin shugaban masu gadi kamar kowane ma'aikaci, na hau motar haya.

Maƙwabciyar Tela ta ce kwanaki ya yi a kwance ba wanda ya sani, ta ɗauka tafiya ya yi. Auta, a da, yamma ɗaya in Tela bai zo ba, da mu uku mun tashi mun buga masa ƙofa. Shayin nan ba shayi kawai ba ne, da shi muke sanin wa ya tashi lafiya. Ni ma ina can ina sara wa motoci, na sani, ba sai kin faɗa mini ba. Amma wa ya tashe mu daga barandar?

Jiya yayanki ya zo ya durƙusa a gabana yana kuka, wai in yafe masa in ajiye aikin. Na ce durƙuson ba nawa ba ne, mai shi yana ƙasa. Direba da Dogo sun dawo ranar Lahadi, mun sha shayin, ba wanda ya yi musu da wani.

Kada ki sake roƙona a kan kakin nan. Na tambaya a ofis, an ce saura wa yayanki shekara goma sha huɗu ya yi ritaya. Ki taya ni addu'a Allah ya ara mini rai da lafiyar ƙafa.

Ki gaida maigidanki da yaran.

Mahaifinki,
Baba