Awon Ƙafar Baba

Magariya, 4 ga Disamba, 1973

Zuwa ga Innata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ke da Baba da mutanen Dogo-Dogo. Yaya haƙuri da farin bana?

Kin ce safar da na saƙa wa Baba don sanyi ta matse shi. Inna, ni fa ban yi kuskure ba! Zaren awon da kika ƙuƙƙulla kika aiko, shi na bi, tsawo da kauri, da siririn ulu da allura lamba uku. Ina jin da ido ɗaya kika auna, ɗayan yana kan tukunya. Ki sake aunawa, Malam Halilu ya sa mini zaren cikin wasiƙa in ya rubuta miki amsa.

Ɗiyarki,
Barakatu

Magariya, 6 ga Janairu, 1974

Inna,

Ina gaishe ku, da fatan kowa lafiya. Ta biyun ma ta ƙi shiga? Da allura lamba huɗu na yi ta, da ulu mai laushi wanda Harisu maigidana ya sayo a Kano. Raina ya ɓaci, har na fara zargin hannuna. Aiko wani awon.

Barakatu

Magariya, 25 ga Janairu, 1974

Innata,

Ina gaishe ki. Yaya jikin Baba? Kada ki ce mini lafiya lau.

Jiya na shimfiɗa zaren awon nan uku a kan tabarma don in zaɓi allura. Tsawon tafin ƙafa ɗaya ne duka, amma ƙullin idon sawu kullum gaba yake yi. Na ƙarshen ya fi na farko da yatsu huɗu. Maƙwabciyata Kadi, mai aiki a gidan likita, ta duba ta ce kumburin yunwa ne, kullum suna ganinsa bana.

Na yi kuka, Inna. Wata biyu ina faɗa da allura, ina yi miki tsiya, alhali ke daidai kike aunawa. Na san Baba, jikoki yake tura wa akushinsa ya ce ya ƙoshi. Ke kuma kin ɓoye mini don kunyar suruki.

Ranar Laraba muna tafe da gero da wake, kuma za mu taho da shi nan likita ya gan shi. Kada ki sake aunawa. Safar farkon nan, ƙaramar, ki adana ta, kada ki ba kowa. Ita nake so in gani a ƙafarsa.

Allah ya sa mu iske ku da sauƙi.

Ɗiyarki mai kewarki,
Barakatu